Inna, Ba Kunyarki Na Gada Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na durƙusa gwiwa biyu ina gaishe ki, Inna, kamar yadda kika hore mu, don na san ko a takarda ba za ki karɓi gaisuwar tsaye ba. Ina roƙon Allah ya sa wannan sallama ta same ki cikin rahamarsa. Mu nan Anka muna lafiya, sai godiya. Daminar bana ta yi albarka. An ce gonarki ta bakin fadama a Adabka ta ba da gero fiye da na bara, Kawu ne yake noma ta har yanzu.

Shekara shida da wata biyar ke nan da rasuwarki. Ba ƙwaƙwalwa gare ni ba, takwararki ce take riƙe mini lissafi. Kin tafi ina da cikinta wata biyar, a watan jiya kuma ta cika shekara shida. Sunanki aka raɗa mata, shi ya sa babu mai iya faɗarsa a danginmu, Inno muke ce mata. Har yau ita kaɗai Allah ya ba mu. Goshinki ne da ita, da irin tafiyar nan taki ta mai sauri da ba ta son a ce tana sauri.

Ƙara na kawo miki, Inna, kuma ƙarar kaina ce. Yarinyar nan ta yi kusan shekara guda ba ta yi mini magana ta kirki, tana kwana a ɗakina, tana cin tuwon da na tuƙa, ni kuma ban lura ba. Da aka lurar da ni, sai na ɗora laifin a kan abin da ba shi ne ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da sunanki na yi ta fakewa. Bari in faro miki daga tushe, don ba kya son labarin da aka kamo daga tsakiya.

Ni ce 'yarki ta fari, kuma ban taɓa jin sunana a bakinki ba, ko sau ɗaya. "Ke wagga" ce ni tun ina rarrafe har ranar da aka kai ni ɗakin miji. In baƙi suka tambaya ɗiyar wa ce wannan, sai ki kau da kai ki ce, "Ɗiyar Gwaggo ta." In an kwashe tuwo ina waje, ƙannena kike aikawa: "Ku ce ma waccan ta zo ta ci." Ina shekara bakwai na taɓa zama bayan rumbu na sha kukana, na yanke wa kaina hukuncin cewa tsinto ni aka yi a kasuwar Gummi.

Sai da na yi wayo na gane cewa kunyar ɗan fari a bakinki ta tsaya, sai kuma idonki in akwai mutane. Kunnenki bai taɓa shiga wannan al'ada ba.

Kin tuna ranar da ƙaya ta soke ni a hanyar rafi? Ɓoyewa na yi, don kin hana ni fita babu takalmi. Na shigo gida ina ta ƙoƙarin taka ƙafar daidai. Kina daka, kin ba ƙofa baya, ko juyowa ba ki yi ba. Sai na ji taɓarya ta tsaya. Kika ce, "Wagga, miƙo ƙahwar hagun." Na fara musu, kika ce, "Tun daga zaure nij ji tahiyakki ta sake." Da allurar ɗinki kika cire ta, fuskarki a ɗaure kamar 'yar maƙwabta kike taimaka wa, amma kina yi kina hura mini wurin.

Da aka sa ni firamare, kullum na dawo bakina cike yake da labari, ga shi ba a san 'yar fari da zama hira da uwarta ba. Sai muka yi dabara, ni da ke, ba tare da mun taɓa zama mun shirya ta ba. Ni in fuskanci jar akuyarki kamar ita nake ba labari, ke ki sunkuya kan faifai kina tsintar wake kamar ba kya ji. In na yi shiru sai in ji ƙasa-ƙasa, "Sai mi?" Shi ke nan in ɗora. Na taɓa ba akuya labarin malamarmu da ta ɓatar da alƙalaminta ta yi ta zargin 'yan aji. Bayan kwana uku ina wanke-wanke kika wuce ta bayana da tulu a ka, kika ce, "Malamar nan taku, ta ga alƙalamin?" Ni har na manta da zancen.

Ranar da za a kai ni makarantar kwana a Gummi ko zaure ba ki raka ni ba. Matan gida suna ta yaba ki, wai ga mai kunya. Na tafi ina jin haushi. Da na buɗe akwatina a makaranta na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, a ƙarƙashinsu kuma ɗan zanen nan mai ruwan bula da na taɓa gani a jikin wata na ce ina so. Shekara guda ke nan da faɗar haka, kuma akuya na faɗa wa.

Ba ki ga irin wayoyin yanzu ba, Inna. Wadda kika sani ita ce ƙaramar nan ta Kawu, wadda sai an hau tudun bayan gari ake samun sabis. Ki karɓa ki riƙe ta nesa da kunne, kina ɗaga murya kamar so kike in ji ki daga Anka ba da taimakonta ba. Ta yanzu gilashi ce, faɗin tafin hannu, shafa ta ake yi. Akwai hoto a ciki, akwai wa'azi, akwai girki, akwai gulma iri-iri, akwai zaurukan hira inda mata za su cika maƙil ba wadda ta bar ɗakinta. Inno tana shekara biyu maigidan ya sayo mini tawa.

Ba zan yi mata butulci ba. Ta cikinta na samo ƙawayena na Gummi da aure ya watsa mu. Ta cikinta nake tallar turaren wuta da humrar da nake haɗawa, ban taka ƙofar gida ba. Da hanyoyinmu suka lalace da rashin tsaro kuwa, ita take gaya mini ko Kawu ya isa Bukkuyum lafiya, ko 'yan uwanmu na Nasarawa Burkullu sun kwana a gidajensu. Da waɗannan nake kare kaina in an yi magana, kuma duk gaskiya ne. Sai dai tambayar lafiyar Kawu minti biyu ce, ni kuwa wuni nake yi.

Da kin ga Inno a lokacin, da kin ce ni ta biyo. Surutu gare ta tun kafin maganar ta nuna. Duk abin da ta tsinta a tsakar gida sai ta kawo mini, tsinke ne, ƙwaro ne, marfin kwalba ne. "Mama, duba." Haka za ta wuni. Amsata kuma ɗaya ce, "Ina zuwa." Ina zaune daram a kan tabarma, ba inda na je balle in dawo, amma ina zuwa. In ta matsa in ce, "Iye, ya yi kyau," ban ɗago na ga ko kunama ce ba. In ta faɗi in ce ta tashi ba komai, alhali ban duba na ga ko da komai ba. In ta ishe ni gaba ɗaya, sai in miƙa mata tsohuwar wayar babanta ta yi ta kallon 'yan tsana masu rawa, in samu sarari.

Babanta ma bai fi ni ba. Kin san shagonsa na kayan injin niƙa ne, masu aikin zinari na Abare da kewaye su ne masu sayen kayansa. Da can in ya dawo Inno takan ruga ta karɓi hularsa, ta zayyana masa duk abin da kaza ta yi tun safe. Sai ya koma yana shigowa da waya a kunne, ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Ya ci tuwo da dama, hagu tana shafa gilashi. Mu uku a tabarma ɗaya, biyu sun sunkuya, ita tana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da na yi ranar ƙaramar sallar bara, har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ɗinka mata leshi, aka yi mata kitso da lalle, ta fito tsaf. Na ɗauke ta hoto na saka a zaurukanmu. Yabo ya yi ta shigowa, wannan ta ce masha Allah, waccan ta ce kamarmu ɗaya, ni kuma ina ta amsawa ɗaya bayan ɗaya don kada wata ta ce na yi girman kai. Yarinyar da ake yabo tana tsaye a gabana, so take in ga yadda siket ɗinta yake buɗewa in ta juya. Ta juya, ta sake juyawa. Da na ɗago, ta yi barci a gefen tabarma da takalmanta a ƙafa. Kin san abin da na yi? Hoto na sake ɗauka, don barcin ya yi kyau.

A nan sunanki ya shigo. Wata rana Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo da ƙawayenta biyu. Na gaishe su na kawo fura, na koma gefe da wayata. Inno ta zo ta jingina da ni tana jan mayafina, ban kula ta ba. Sai Hajiya ta dubi ƙawayenta cike da alfahari ta ce, "Kun ga wagga? Duk bokon da tay yi ba ta yada kunya ba. Ɗiyar hwari na jikinta, ko kallonta ba ta yi. Uwatta tag gado." Suka yi ta sa mini albarka, suna yi miki addu'a.

Daɗi na ji, Inna. Na sunkuyar da kai kamar mai kunyar gaske, alhali rigimar wasu mata biyu a kan kuɗin anko nake karantawa. Daga ranar na samu rigar da zan sa. Duk lokacin da zuciyata ta ɗan tsikare ni a kan yarinyar nan, sai in ce ai haka aka yi mini, kuma ga ni na girma lafiya. Na ɗauki kawar da kanki, na bar duk sauran.

Ban san ranar da "Mama, duba" ta ƙare ba. Da na san ranar da na rubuta miki ita. Na dai wayi gari gidan ya yi tsit, har ina gaya wa ƙawayena cewa Inno ta yi hankali, ba ta da rigima irin ta 'ya'yan mutane. In tana son abu sai ta zo ta tsaya a gefena shiru, ta jira. In na daɗe ban ɗago ba ta koma. In na tambaye ta, amsarta ba ta wuce "i" da "a'a", wani lokaci ma kai kawai za ta gyaɗa.

Malamarsu ce ta aiko a kira ni. Ta ce Inno ba ta amsawa a aji, sai an kira ta sau biyu sau uku. In yara suna wasa tana gefe. In wani ya ƙwace mata abu ba ta kuka, ba ta kawo ƙara, sai dai ta yi shiru ta yi shiru, can kuma ta gantsara masa cizo. Ta tambaye ni ko a gida tana ba ni labarin makaranta. Na buɗe baki zan ce i, sai na rasa labari ko ɗaya da zan kawo. A watannin nan ne kuma fitsarin kwance ya dawo mata, bayan ta daɗe da dainawa.

Kina da rai shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ina amarya lokacin, kika aiko Kawu takanas ya gaya mini, "Ki ce ma mijinki shi bar kayan aikinai ga zaure, kar shi shigo miki da ƙurar dutsen nan ɗaki." Tun daga shekarar, duk yaron da ya yi sanyi ko ya kasa karatu a ƙasar nan, dalma ake fara tunawa. Mu ma ita muka tuna. Maigidan ya shiga zargin kansa, yana lissafa ranakun da ya je Abare gyaran inji ya dawo ya ɗauke ta bai sake riga ba. Hajiya ta kawo rubutu da tofi. Ni kuma tsoro ya kama ni sosai, amma zan gaya miki gaskiya tunda ba a yi miki ƙarya: a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan sauƙi, don in dalma ce, ba ni na yi ba.

Muka kai ta asibiti aka ɗebi jini, aka duba kunnuwanta, aka ba mu ranar dawowa. Ranar na tafi da ita ni kaɗai. Muka zauna a benci a inuwar dogon yaro muna jiran a kira mu. Na fito da waya ina rubuta wa zauruka cewa a sa ɗiyata a addu'a, muna asibiti. Amin ta yi ta zubowa, ina bin kowace da godiya.

Wadda ta kira mu wata ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa, daga maganarta na gane mutuniyar wajen Gummi ce. Teburinta yana bakin taga, yana kallon bencin da muka zauna. Ta bar Inno a waje, ta zaunar da ni. Abin da ta gaya mini na haddace shi kamar karatun allo. Ta ce, "Jinin ɗiyakki lahiya lau shike, ba dalma, kunnenta ma ƙalau. Amma tun da kunka zamna nika kallonku. Ta tsinci gashin zabo ta kawo kusa da ke ta tsaya, ba ki ɗago ba. Ta koma ta samo wani, ta sake tsayawa. Sau ukku. Na huɗun ba ta kawo ba."

Ni da bakina, Inna, na ce mata ai 'yar fari ce, mu gidanmu muna da kunya, haka uwata ta yi mini. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Ni ma ɗiyar hwari ta, uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba. Amma mai kunya ta san inda ɗiyatta take. Kar ki juya. Gaya mini, ina take yanzu?"

Ban sani ba. Na ce tana kan benci. Ta nuna mini taga da haɓa. Inno tana can gindin bishiya ta ba mu baya, ta jera gashin zabonta a ƙasa tana yi musu magana. Bakinta yana ta motsi. Ashe maganar tana nan, mu ne aka daina kawo wa. A gaban matar nan na fashe da kuka, kuma ke na tuna, ke da kika ba ƙofa baya kika san wace ƙafa ce.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Yaro in ya hwaɗi, ba ciwon yaka hwara dubi ba, huskar uwatai yaka dubi, shi ga ko abin kuka na. Nan yaka koyon tsoro, nan yaka koyon murna, nan yaka gane ko shi wani abu na. In ya duba bai ishe kowa ba, yau da gobe, sai shi bar dubawa." Ta ce babu ƙwayar da za ta rubuta mini. In yi aikina na hannu yadda na saba, amma fuskata da kunnena su zama a sake. Kada in tsare ta da tambaya, kada in yi gaggawa. In wata biyu suka wuce ban ga sauyi ba, in dawo a tura mu gaba.

Da na gaya wa maigidan, fushi ya fara yi, wai matar ta raina mu. Ya fita. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗaki da hularsa a hannu, Inno tana zaune ko motsi ba ta yi ba. Ya rataye hular da kansa. Bai sake cewa an raina mu ba. Hajiya kuwa har yau tana kan bakanta cewa iska ce ta taɓa yarinyar, ni kuma ban ja da ita ba.

Cikin kayan ɗakin da kika yi mini akwai babbar kwallar nan mai furanni, wadda ban taɓa zuba komai a ciki ba. Yanzu ta samu aiki. Daga dawowar Inno daga boko har ta tafi Islamiyya, wayata tana ciki a rufe. In an zo cin tuwon dare ta maigidan ma ta shiga. Ba ma kashe su, saboda halin da hanyoyi suke ciki, amma mun yi alkawari ba a buɗe kwalla don hira.

Kada ki zaci abin ya zo mini da sauƙi. Kwanakin farko hannuna har ƙaiƙayi yake yi. In ji kamar ta yi ƙara, in saurara, ashe cokali ne. Sau biyu na kama kaina tsaye a gaban kwalla ban san lokacin da na taso ba. Ga kuma wautar da na tafka: na zauna na zuba wa yarinya ido ƙuri, wai ina ba ta kulawa. Ta tsorata, ta ɗauka laifi ta yi, ta shige bayan ƙyaure. Sai na koma na ɗauko aikin hannu, ɓarar gyaɗa ko tankaɗen garin turare, ina yi ina 'yan maganganuna ni kaɗai. Ina ba ta labarinki, da na Adabka, da yadda rafi yake cika har ya hana mu zuwa makaranta.

Mako uku ba ta ce mini komai ba. Abin da na lura da shi kawai, duk lokacin da ta shigo hannuwana take fara kallo kafin fuskata. Sai kuma wurin zamanta da ya riƙa matsowa, daga bakin ƙofa zuwa gindin turmi, daga nan zuwa gefen tabarma. Akwai ranakun da na fid da rai. Na ce wataƙila na makara, wataƙila haka za ta tashi da ladabi da biyayya, ta yi aure ta tafi, ban taɓa sanin abin da yake cikinta ba. Wannan tunanin ya fi tsoron dalma zafi.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, ina ɓarar gyaɗa ta zo ta tsaya a gabana. Hannunta ɗaya ya rufe bakinta, ɗayan a dunƙule. Ta dubi katanga, ta dubi saman ɗaki, sannan ta ce ta cikin yatsunta, "Mama, ba ƙadangare?" Nan take na gane. Kin san abin da ake gaya wa yara, wai in ƙadangare ya ga giɓi, haƙori ba zai sake fitowa ba. Na tashi da gaske na duba katangar kaf, na samu wani jan gwada a kan bulo na kore shi da tsintsiya. Na dawo na zauna na ce babu ko ɗaya.

Ta fara sauke hannun ke nan sai waya ta ɗauki ƙara a cikin kwalla. Kin san kwalla da amsa kuwwa, duk gidan ya ɗauka. Inno ta mayar da hannunta, ta ja da baya taku ɗaya. Ba fushi a fuskarta, ba kuka. Cikin ladabi, kamar wata babba, ta ce, "Tahi ki ɗauka, ina jira." Ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba, don ni na koya mata ita. Kuma wallahi gwiwata ta riga ta ɗaga daga tabarma kafin in ankara.

Na koma na zauna. Na ce mata a bar ta ta yi ta kukanta. Muka yi ta saurare mu biyu har ta katse. Ta sake ɗauka. Duk tsawon lokacin idon Inno yana kan fuskata, ba ta ko ƙiftawa, ni ma ban kalli ƙofar ɗaki ba. Da ƙarar ta mutu karo na biyu, ta ɗan jira ta ga ko zan tashi. Sannan ta sauke hannunta ta wage mini baki. Ga giɓi a ƙasa, ɗan ƙarami, jajir. Ta buɗe ɗayan hannun, ga haƙorin a naɗe cikin ledar alewa. Ta ce, "Tun jiya yah hita. Ban gwada ma kowa ba."

Kwana guda cur tana yawo da shi, Inna, ta kai shi makaranta ta dawo da shi, tana jiran ta ga ko akwai wanda za a nuna wa. Na ce ta ba ni labarin yadda ya fita. Ta fara a hankali, wai rake ta ciza. Daga rake aka koma kan yarinyar da ta ba ta raken, daga nan aka koma kan takalmin yarinyar. Har aka kira la'asar tana magana, rabi ban gane ba saboda iska tana fita ta giɓin, amma ban bar ko kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba. Ta makara Islamiyya ranar. Haƙorin ta ba ni ajiya, yana ƙulle a bakin zanena. Kiran kuwa, da na duba daga baya, wata ce take tambayar ko akwai sauran humra.

Ba zan ce miki ta warke ba. Har yanzu takan jiƙa shimfiɗa, har yanzu hannuwana take fara kallo. Shekara huɗu na yi ina ɓarnar, ban sa ran mako huɗu su gyara ba. Amma jiya ta karɓi hular babanta, yau da safe kuma ta kira ni in zo in ga tururuwa suna jan ƙwaro, na je na tsuguna muka gani tare.

Na san ƙawayena na zaure za su karanta wannan, don a nan zan saka ta, ba ni da wata hanyar aika miki. A littafi na fara rubuta ta, na kwafe a waya yanzu da Inno take Islamiyya. Ga shi na fara jin hayaniyar yara a lungu, alamar an tashe su, don haka zan tsaya a nan in mayar da ita kwalla.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya cika shi da haske. Allah ya saka miki da Aljanna a kan duk abin da kika yi mini wanda na gani, da wanda ban gani ba sai yanzu. Ya yafe mini sakacin da na yi da amanar da ya ba ni, ya buɗe ƙirjin takwararki, ya sa kada ta sake riƙe wani abu kwana guda tana neman wanda za ta nuna wa. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya haɗa mu da ke a inda babu rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
Maman Inno,
Anka.